Jirgin Roba na Yaya Gwadabe

Yayana Gwadabe bai taɓa sayen abu ya yarda da wanda ya sayar masa ba. Ni Munira, ƙanwarsa da ke bi masa, na tashi ina kallon wannan hali, kuma har yau da furfura ta cika mana kai bai daina ba ni haushi ba. In ya sayi kankana sai ya ƙwanƙwasa ta a kasuwa, ya ƙwanƙwasa ta a hanya, ya zo gida ya yanka yana harararta. In ya kulle shago sai ya yi nisa ya dawo ya jijjiga kwaɗon, ya dubi telan da ke maƙwabtaka da shi kamar ya ji ƙarar mabuɗi a aljihunsa.

A Aujara aka haife mu. Babanmu mai awo ne a kasuwa, shi ya gaya wa Yaya tun yana ƙarami cewa in ana auna masa hatsi ya riƙa duban hannun mai awon, ya rabu da fuskarsa. Baba a kan gero da dawa ya yi maganarsa. Yaya kuwa ya ɗauke ta ya shimfiɗa a kan kowa da kowa. Amma in za a faɗi gaskiya, hannunsa na da albarka. Lokacin da yaran garinmu ke yin motar kara mai taya huɗu su ja ta da zare, tasa har ƙofa take buɗewa. Da totuwa da ƙaya yake haɗa ta, kuma ba ya barin kowa ya taɓa, wai za a sace masa dabara.

Da aka yi sabuwar jiha Dutse ta fara cika, sai ya taho ya koyi gyaran agogo, ya kama ɗan shago a Takur. Sana'ar ta dace da shi, domin mai gyaran agogo aikinsa ke nan ya buɗe abu ya nemi inda laifi ya ɓuya. A nan Dutse ya auri Zinariya, 'yar Limawa, mace mai sanyin hali wadda ba ta iya dogon zance ba. Ni Yaya Zinariya nake ce mata in muna shiri, in kuma ina son tsokanarta in ce matarmu. Sun aurar da 'ya'yansu duka, gida ya rage daga shi sai ita. Shekarun da ta yi da shi, ita kaɗai ce mutumin da ban taɓa jin ya zarga ba. Abincinta kawai yake ci bai shinshina ba.

Wayar hannu ta zo ta kashe masa kasuwa, kowa ya koma duba lokaci a aljihu. Ya koma gyaran tabarau da tocila, sauran yinin yana zaune yana ƙirga laifin masu wucewa. A wayar da ta kashe masa kasuwar kuma ya ga abin da ya ɗauke masa hankali: wani tsoho a wata ƙasa yana murɗa roba a cikin ɗan jirgin sama na katako, ya sake shi, jirgin ya yi ta kewaya sama ba inji ba batir. Yaya ya ce ƙarya ce, akwai zare a sama. Ya kalla, ya sake kalla, bai ga zare ba. Daga nan ya ce sai ya yi nasa ya gani da idonsa.

Katakon da ake yin jirgin da shi balsa ake ce masa, ba ya fitowa a ƙasarmu. Wani direba ne ya samo masa a Kano wajen masu sayar wa ɗaliban zanen gini kayan aiki. Ranar da aka kawo ina shagon. Yaya ya ɗaga fallen katakon, ya ji ba nauyi ko kaɗan, ya danna shi da farce ya ga ya lotsa, sai ya sha mur.

"Malam, soso ka kawo mini ko katako?" in ji shi.

Direban ya rantse, ya sake rantsewa, ƙarshe ya tafi yana cewa ba zai ƙara karɓar saƙon mai agogo ba. Daga baya ta tabbata katakon na gaske ne. Yaya bai je ya ba shi haƙuri ba, cewa ya yi ai da ma gara mutum ya tambaya.

Na ga yadda yake aikin, kuma ko ni da nake masa dariya sai da na jinjina. Da reza yake tsaga katakon siri-siri kamar tsinken tsintsiya, ya jera a kan allo, ya kafe da allura, ya ɗiga gam da bakin tsinken sakace. Fiffike yana da ƙananan haƙarƙari a ciki, kowanne sai an fere shi daban. In ya gama sai ya lulluɓe da takarda mai shara-shara, irin wadda ake naɗe sabon takalmi. Farfelar ma da hannu ya sassaƙa ta, ƙugiyar da ke riƙe robar kuma daga cikin wani mataccen agogo ya ciro wayarta. In ya murɗa farfela da yatsa robar ta nannaɗe ta yi ƙulli-ƙulli, in ya saki ta warware ta juya farfelar, shi ke nan injin.

Jirgin farko da ya saki a filin ƙwallon bayan unguwarsu, faɗowa ya yi kamar an jefa takalmi. Ya zargi robar, ya zargi iska, daga baya ya yarda nauyi ne. Tun daga ranar ya shiga yaƙi da nauyi. Ya nemo ɗan sikeli mai batir irin na masu sayar da gwal, wanda ko gashin kaza ka ɗora sai lamba ta motsa. Ya cire tayoyin jirgin ya yar. Ya huda haƙarƙarin fiffike, ya goge kowane sashe da samfefa har sai ya ɗaga shi ya ga hasken rana ta ciki. Busasshen gam da ya yi tudu ma sai ya kankare shi. Wuni guda yana iya ƙarewa a kan rage nauyin da bai kai na ƙwayar gyaɗa ba, ya dawo gida yana fara'a kamar an yi masa albishir.

Yaya Zinariya ba ta son jirgin, kuma ba ta ɓoye ba. Garin katako a rigarsa, garin katako a shimfiɗa, ga shi ya kwashe mata man gilisarin yana shafa wa roba don kada ta tsinke. Sau ɗaya a gabana ta ce, "Malam, da girmanka da jikokinka, kana bin jirgin wasa a fili mutane na kallo." Ya yi kamar bai ji ba. Ashe ya ji, ya kuma adana.

Rigimar ta fara ne da shigowar bazara, lokacin da duwatsun garin nan ke ɗaukar zafi da rana su yi ta amayo mana shi har gari ya waye. Yaya ba ya barin jirgi a shago, wai ɓeraye da maƙwabta. Kullum da yamma sai ya auna shi, ya sa a kwali, ya kawo gida ya rataye a ɗakinsa. Wata safiya ya ɗora shi a sikeli kafin ya fita, sai ya ga lambar ta ɗara ta jiya. Ya sauya batir. Washegari ma haka. Ya kai shago ya wuni yana gogewa, da yamma nauyi ya sauka, da safe ya dawo. Har fiffiken yakan wayi gari ya ɗan karkace, takardar ta yi sako-sako.

Kowa ya sha zargi. Ya ce tela ne ya yi masa baki. Ya ce mai sikeli ya sayar masa da jabu, ya ɗora wani ɗan ƙarfe ya gwada safe da yamma, ya ga sikeli lafiyarsa ƙalau. Ya leƙa cikin jirgin da gilashin gyaran agogo ko gara ta shiga, bai ga komai ba. Ni ma da na je gaisuwa sai da ya tambaye ni ko na shiga ɗakinsa. Na ce masa in na rasa aikin yi zan je in yi barci, ba zan zo in ɗora wa jirgin wasa kaya ba.

Da ya gama da na waje sai ya juyo cikin gida. Wata asuba kafin ya tafi masallaci ya barbaɗa toka a bakin ƙofar ɗakinsa. Ya dawo ya tarar an share tokar tas. Washegari ya ɗaura zare a ƙofar, ya dawo ya tarar ya tsinke. Gida kuwa mutum biyu ne.

Abin da ya biyo baya daga bakin Yaya Zinariya na ji shi. Tana tsugune tana dama koko ya tsaya a kanta da jirgin a hannu.

"Kina shiga ɗakina in na tafi masallaci?"

"Ina shiga mana. Wa zai share maka?"

"Me kike yi wa jirgin nan?"

"Wane jirgi? Ni ko kallonsa ba na yi."

"Kullum in na rataye shi lafiya, in wayi gari ya yi nauyi. Ba mai shiga sai ke. Kin ce ina ba ki kunya a gari, na ji da kunnena. Me kike shafa masa? Ko wani abu aka ba ki ki riƙa tofa masa?"

Ta ce ludayin ne kawai ya tsaya a hannunta. Ta dube shi ko wasa yake, ta ga babu alamar wasa. Ta ce masa ba ta taɓa jirginsa ba, sau ɗaya ta faɗa, ba ta rantse ba. Shi kuwa ya ce tun da ba ta rantse ba, akwai magana. Ta gama kokon, ta zuba masa nasa, ta rufe, ta ɗauki mayafinta ta tafi Limawa gidan wanta Alhaji Misbahu. Matar da ba ta taɓa kwana a waje da fushi ba tun da aka kawo ta.

Na je na same shi a shago na wanke shi tas. Na ce Yaya, ka ji kunya, matar da ta tsufa a gidanka za ka tsare a kan katakon da bai kai nauyin cokali ba? Ya bar ni na gama, sannan ya jawo sikeli ya ɗora jirgin.

"Duba," in ji shi. "Tun da ta tafi bai ƙara nauyi ba. Kullum raguwa yake."

Wallahi gaskiya ya faɗa. Na tsaya ina kallon lambar, wani mugun tunani ya ɗarsu a raina game da matar da na sani fiye da tafin hannuna. Zama da mai zargi haka yake, yana shafar mutum.

A makon nan jirgin ya tashi. Da sassafe ne, iska ba ta motsa ba tukuna, ya aiko a kira ni don in zama shaida. Ya murɗa farfela har robar ta cika da ƙulli, ya ɗaga hannu ya saki a hankali. Jirgin ya yi gaba kamar zai faɗi, sai ya ɗaga hanci ya fara hawa, yana kewayawa, farfelar na juyawa a natse har kana iya ganinta. Ya wuce tsayin dabinon bakin filin. Da robar ta ƙare bai faɗo ba, ya sauko sannu-sannu ya kwanta a kan yashi. Abin ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Yaya ya juyo yana neman wanda zai gaya wa, sai ni kaɗai ya gani, ni kuma fuskata a ɗaure.

"Kin gani ko?" ya ce. "Da ma hannu aka sa masa."

Yana rufe baki jini ya ɓalle masa ta hanci.

Yaya yana da haɓo tun muna yara. Da zarar zafi ya tsananta iska ta bushe, hancinsa sai ya fashe, Innarmu ta yi ta jiƙa tsumma tana ɗora masa a goshi. Ni har na manta da ciwon, domin tun da ya yi aure ban sake ganin ya yi ba. Na raka shi gida yana toshe da hanci, na shiga ɗakinsa, zafi ya buge ni kamar na leƙa tanda. Ƙasan ɗakin ya bushe ƙayau. Randar da ke lungu babu ko ɗigo, yashin da ke ƙarƙashinta ya zama gari. Buhun da ke rataye a taga ya ƙandare. Ga tsummoki masu jini a bayan ƙofa, ashe ba ranar ya fara ba.

Ban yi wani tunani ba, abin da kowace mace za ta yi na yi. Na ɗebo ruwa a ƙwarya na yayyafa wa daɓen ɗakin sosai, na share. Na cika randa, na jiƙa yashinta. Na tsoma buhun a bokiti na mayar da shi taga yana ɗiga. Kafin la'asar ɗakin ya yi sanyi, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya tashi. Na sake yayyafawa kafin in tafi, na bar shi kwance, jirginsa na lilo a saman kansa.

Washegari da hantsi sai ga shi a gidana, sikeli a aljihu, kwali a hammata. Ko gaisawa ba mu gama ba.

"Ashe da ke aka haɗa baki."

"Wane baki kuma, Yaya?"

"Jiya kin shiga ɗakina, yau ya yi nauyi. Ita ta aiko ki?"

Raina ya ɓaci irin ɓacin da na daɗe ban yi ba. Na ce masa tun da abin ya zo kaina, bari in lissafa masa laifina. Na yayyafa ruwa a ɗakinka don kada jininka ya ƙare. Na cika maka randa. Na jiƙa maka buhun taga. In a cikin waɗannan akwai sammu, to ka kai ni wajen mai unguwa. Na ce kai da kake ganin ƙurar da ta shiga cikin agogo, shekara nawa kana kwana a ɗaki mai sanyi a tsakiyar bazara, ba ka taɓa tambayar wa ke sanyaya shi ba? Kana tsammani Dutse ce ta ware ɗakinka ta tausaya masa?

Ya zuba wa kwalin ido. Na ga maganar ta shige shi, na ga lokacin da ta shiga. Katako mai laushi kamar soso, da takarda shara-shara, su kwana a ɗakin da aka jiƙa ƙasa da taga, su wuni a shagon kwano mai zafi. Ko ni da ban san jirgi ba na san abin da ke samun gishiri da damina.

Na zaci daga nan Limawa zai nufa. Ina! Yaya Gwadabe ne fa. Gida ya koma, ya yanki katako gida biyu daidai wa daida, ya ajiye ɗaya kusa da randa, ya kai ɗaya shago. Sai da ya kwana ya auna su, ya ga na gindin randa ya fi nauyi, sannan ya sa babbar riga ya ce in raka shi.

Alhaji Misbahu ya karɓe mu a zaure ba yabo ba fallasa, ya aika aka kira ta. Ta fito ta zauna a gefe, ta gaishe ni, ta gaishe shi kamar baƙo. Yaya ya gyara murya. Na yi ta addu'a a zuci Allah ya sa ya ce ya yi kuskure ya tsaya a nan.

"Zinariya, na gano abin. Ruwan yayyafi ne, katakon ke sha. Na gwada da katako biyu, na auna, na tabbatar ba ki da laifi."

Ta ɗago ta dube shi. Sannan ta ce, "Sai da ka auna, Malam."

"To ai don a tabbatar..."

"Na gaya maka da bakina ban taɓa ba. Katako ya gaya maka, ka yarda."

Wanta ya yi ta ba ta baki, ni ma na sa nawa, har da tsokanar matarmu, ba ta yi dariya ba. Amma ta dawo. Mace ce mai gudun abin faɗa, ga jikoki na zuwa hutu. Ta dawo ta ci gaba da girki da wanki, ba ta sake ta da zancen ba ko sau ɗaya.

Abu guda ne ya sauya. Kullum da safe tana yayyafa wa tsakar gida ruwa ta share, ta yi rumfa, ta yi ɗakinta, ta yi har bakin zaure. In ta zo ƙofar ɗakinsa sai ta tsaya. In ka shiga gidan da hantsi za ka ga jiƙaƙƙiyar ƙasa ta zo daidai dokin ƙofarsa ta yanke. Shi yake cika randarsa yanzu, in ya tuna. Yayyafin ma yana gwadawa, sai ya kwarara ruwa wuri ɗaya ya yi taɓo, sauran ɗakin a bushe.

Jirgin ya kwashe shi ya mayar shago, ɓeraye da maƙwabta duk ya haƙura da su. Ya ƙera wasu bayan wannan, sun fi shi tashi, har mutane kan taru a filin in zai saki. Har yanzu yana jijjiga kwaɗo, har yanzu yana harara kankana.

A bazarar bana na je gidan na tarar da shi zaune a ƙofar ɗaki da tsumma a hanci. Yaya Zinariya na yayyafi, ta zo daidai inda takan tsaya. Ya sauke tsumman, ya yi magana ƙasa-ƙasa, irin muryar da ban san yana da ita ba.

"Zinariya, da kin shiga kin yayyafa mini. Babu jirgi a ciki. Babu komai a ciki."

Ta tsaya da ƙwaryar a hannu. Ta leƙa ɗakin daga inda take, ta dubi rufin, ta dubi bayan ƙofa, ta dubi ƙasan dokin ƙofar ko da toka. Sannan ta dube shi, irin kallon da shi yake yi wa mutane tun muna Aujara.

"Me kake son aunawa kuma, Malam?" ta ce.

Ta miƙo mini ƙwaryar, ta ɗauki tsintsiyarta ta koma tsakar gida.